Yadda Ake Tantance Tsoffin Fastocin Finafinan Indiya, a Saye Su, a Adana Su

Wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kano kafin kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje ba zai manta da allon da ke ƙofar gidan silima ba, inda ake manna fastar fim ɗin da za a haska da daddare. Tun cikin shekarun 1950 finafinan Indiya suka samu gindin zama a ƙasar Hausa, kuma a gidajen silima irin su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba fasta ce ke fara yi wa mai wucewa magana, domin ko bai iya karanta sunan fim ba, da ya hango fuskar Dharmendra, wanda ake yi wa laƙabi da Sarkin Ƙarfi, ya san inda zai kai kuɗinsa. Babu wanda ya ɗauki takardar da wata daraja a lokacin. Idan an gama mako sai a yage ta, ko a manna wata a kanta.

Wannan wulaƙancin shi ne ya mayar da ita abin nema a yau. An buga fastocin ne a kan takarda mai araha don su yi kwanaki a bango, saboda haka kaɗan ne suka tsira. Hukumar adana finafinai ta Indiya da ke Pune, wadda aka kafa a 1964, tana taskance su, gidan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan ya yi baje kolinsu a 2002, manyan gidajen gwanjo kuma suna sayar da su. Duk inda kuɗi ya shiga kuwa, jabu na biye da shi. Abin da sabon mai tarawa ya fi buƙatar koya shi ne ya daina tambayar "na wane fim ne?" ya koma tambayar "wane bugu ne?", domin fim ɗaya yana iya samun fastoci iri goma da aka buga a shekaru daban-daban, kuma tazarar da ke tsakanin farashinsu tana da faɗi ƙwarai.

Mataki na farko: san abin da kake riƙe da shi

Akwai wata kalma da dillalai ke yawan amfani da ita wadda ke ruɗar masu saye, wato "zanen hannu". Idan an ce tsohuwar fasta zanen hannu ce, ba ana nufin mai zane ya zauna ya shafa fenti a kan takardar da ke hannunka ba. Abin da ake nufi shi ne ya zana hoton asali guda ɗaya, aka kai maɗaba'a, aka buga kwafi masu yawa. Manyan allunan kan titi su ne ake zanawa da hannu kai-tsaye a kan ƙyalle, kuma irin aikin da shahararren mai zane M. F. Husain ya fara cin abinci da shi ke nan a Bombay a ƙarshen shekarun 1930. Waɗannan da wuya su tsira, domin sake shafe su ake yi don fim na gaba. Idan ka ga ƙyalle mai fenti yana sheƙi an ce maka na 1970 ne, mafi yawa sabon aiki ne da aka yi wa masu yawon buɗe ido. Yana iya yin kyau a falo, amma wani kaya ne daban.

Girman fastar da aka fi sabawa da ita shi ne inci 30 da inci 40, wato kimanin santimita 76 da 102. Akwai rabinta, inci 20 da 30, akwai kuma manya waɗanda ake bugawa falle biyu ko uku ko shida a haɗa su a bango. Ban da fasta akwai katunan hotuna da ake jerawa a cikin gilashi a harabar silima, da 'yan littattafan da ke ɗauke da taƙaitaccen labarin fim da baitocin waƙoƙinsa. Ga wanda aljihunsa bai yi nauyi ba, waɗannan ƙananan sun fi sauƙin farawa, sun kuma fi sauƙin adanawa.

Yana da kyau mutum ya san sunayen wasu masu zane, domin sa hannunsu a kusurwar fasta yana ƙara mata daraja. S. M. Pandit ya yi suna tun shekarun 1940, D. R. Bhosle ne ya zana fastar Guide na 1965, Diwakar Karkare kuma shi ne ya shahara da shafa fenti mai kauri da wuƙar zane a kan hoton jarumi, salon da ya ba fuskar Amitabh Bachchan kwarjinin nan a fastocin Deewaar da Don. Daga shekarun 1970 aka fara yanko hotuna ana mannawa ana ƙawata su da fenti, zuwa shekarun 1990 kwamfuta ta karɓe aikin gaba ɗaya.

Da wannan sanin sai ka yanke wa kanka iyaka: jarumi ɗaya, ko mai zane ɗaya, ko shekaru goma, ko kuma finafinan da aka haska a garinku. Wanda ya ce komai yake so, tarkace zai tara.

Mataki na biyu: gano shekarar bugu

Nan ne aikin yake, kuma nan ne na taɓa yin asara. Wani mai sayarwa ya taɓa aiko mini da hoton fastar Mother India, fim ɗin Mehboob Khan na 1957, takardar ta yi ja, gefenta ya tsattsage, ya rantse mini cewa ta shekarar fitowar fim ɗin ce. Na biya ba tare da na nemi hoton ƙasanta ba. Da ta iso na shimfiɗa ta a kan tebur, sai idona ya faɗa kan wani siririn layi a can ƙasa, inda sunan maɗaba'a yake, an rubuta Bombay, sannan lambobi shida masu farawa da 400. Indiya ba ta fara amfani da wannan lambar gidan waya mai lambobi shida ba sai a watan Agusta na 1972. Kafin nan adireshi yakan zo ne da lamba ɗaya ko biyu bayan sunan gari, kamar Bombay-7. Fastar tsohuwa ce da gaske, amma ba ta kai shekarun da aka ce mini ba, domin aƙalla shekara 15 ke tsakaninta da bugun farko.

Saboda haka daga ƙasa ake fara karanta fasta. Nemi sunan maɗaba'a da adireshinta. Lambobi shida na nufin daga 1972 zuwa sama. Idan an rubuta Mumbai, to, daga 1995 ne, shekarar da aka sauya wa birnin suna. Haka Chennai a maimakon Madras daga 1996, da Kolkata a maimakon Calcutta daga 2001. Adireshin intanet ko na imel kuwa ya gama magana. A lura dai cewa wannan hujja hannu ɗaya take tafiya: sabon suna yana tabbatar da sabunta, amma tsohon suna ba ya tabbatar da tsufa, domin mai yin jabu yana kwafe layin ne yadda ya same shi.

Daga nan sai ka karanta abin da fastar ke alfahari da shi. A Indiya fim ɗin da ya yi mako 25 ana haska shi akan ce ya yi "Silver Jubilee", wanda ya yi mako 50 kuma "Golden Jubilee". Duk fastar da ke ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan, ko take ambaton kyautar da fim ɗin ya ci, ba za ta zama ta makon farko ba. Fastar Mughal-e-Azam da ke shelar cewa fim ɗin gaba ɗayansa mai launi ne ta 2004 ce, lokacin da aka sake fitar da shi da launi, ba ta 1960 ba. Sholay na 1975 ya shafe fiye da shekara biyar a gidan silima na Minerva a Bombay, an kuma sake fitar da shi sau da dama, har da na 2014, don haka fastocinsa iri-iri ne da yawa. Wata alamar ita ce girman fuskoki: idan ɗan wasan da ƙaramin matsayi ya taka a fim ya cika rabin fasta, akwai yiwuwar an buga ta ne bayan ya yi suna.

Akwai kuma batun masu rarrabawa. An kasa Indiya yanki-yanki ta fuskar kasuwancin fim, kuma mai rarrabawa na kowane yanki yana iya buga tasa fastar, wani lokaci da zanen da ya sha bamban da na Bombay, sau da yawa da ƙarancin launi. Irin wannan ba jabu ba ce, sai dai farashinta ba ya kai na wadda kamfanin fim ya fitar. Haka ma fastocin ƙasashen waje, kamar waɗanda aka buga a Tarayyar Sobiyet inda finafinan Raj Kapoor suka yi farin jini, suna da nasu masu nema. A fastocin cikin gida na da, sunan fim yakan zo da rubutu uku: na boko, da na Hindi, da na Urdu wanda mai karanta ajami zai ga ya yi masa kama da na gida. Rubutun Urdu ya yi ta raguwa a fastocin baya-bayan nan, don haka samunsa alama ce mai taimakawa, ko da yake ba ta isa hujja ita kaɗai ba.

Bayan karatu sai duba tawada. Ka nemi gilashin ƙara girma mai ninka abu sau goma, irin na masu gyaran agogo ko na maƙeran zinariya. Ɗora shi a kan kumatun jarumi ko a kan sararin sama, inda launi ke sauyawa a hankali. A tsohon bugun da ake zana kowane launi da hannu a kan dutse ko farantin ƙarfe, za ka ga launi a shimfiɗe, da ɗan barbashi kamar na alli, kuma sau da yawa ja yakan ɗan zarce iyakarsa ya hau kan rawaya saboda ba a daidaita faranti sosai ba. A bugun injin zamani na maɗaba'a, wanda ya mamaye kasuwa daga baya, za ka ga ɗigo-ɗigo a jere cikin tsari, suna haɗuwa kamar ƙananan furanni. A bugun firintar kwamfuta kuwa ɗigon a warwatse yake kamar feshi, babu tsari. Fastar da aka ce ta 1955 ce amma ta nuna feshi, a mayar wa mai ita.

Dabarar da ta fi kama masu jabu ita ce ta yatsa. Yawancinsu tsohuwar fasta suke ɗauka a hoto su sake bugawa, sai layin ninki da tabon asali su fito a cikin hoton. Shafa yatsanka a kan layin: idan ido na ganin ninki amma yatsa bai ji komai ba, kwafi ce. Juya bayanta kuma. Takardar da ta tsufa da kanta takan fi yin ja a gefe da kan ninki, inda iska ta fi taɓawa, alhali wadda aka jiƙa da ruwan shayi takan yi launi bai ɗaya ko ta yi shatar ruwa, wani lokaci har da ƙanshinsa. Fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke duba kuɗi da ita tana da amfani a nan: tun daga shekarun 1950 aka fara zuba wa takarda sinadarin ƙara fari wanda ke walƙiya a ƙarƙashinta, don haka fastar da aka ce ta 1940 ce, idan bayanta ya yi walƙiya shuɗi fes, akwai magana.

Mataki na uku: auna lafiyarta

Ninki ba aibi ba ne. A ninke ake aika fastoci tare da gwangwanayen fim, don haka tsohuwar fasta da ba ta da ninki ko ɗaya ita ce ma abin tuhuma. Ƙananan hudojin ƙusa a kusurwa da ɗan tsagewar gefe duk abin haƙuri ne. Abin da ke karya farashi shi ne ɓallewar wani yanki daga fuskar jarumi ko daga sunan fim, da kodewar launi saboda rana, da tabon salatif wanda ke ratsa takarda ya bar shatar mai, da kuma datse gefe, musamman idan an datse layin maɗaba'a, domin an tafi da shaidar haihuwarta ke nan. Ɗaga ta a gaban taga: duk inda aka yi faci ko aka cike da fenti zai fi duhu.

Idan fastar a nan ƙasar ka same ta, kuma akwai hatimin gidan silima a bayanta, ko wata 'yar takarda da aka manna mai ɗauke da rana da lokacin haskawa, kada ka ɓamɓare. A ganina wannan ya fi tsabtar takarda daraja, domin fastoci masu tsabta suna da yawa a Mumbai, amma wadda ke da shaidar ta yi aiki a Fagge ba a can za a same ta ba.

Mataki na huɗu: ciniki

Sanannen wurin sayen su a Indiya shi ne Chor Bazaar da ke Mumbai, musamman titin Mutton, inda na gaske da kwafi ke kwance a shago ɗaya. Mafi yawanmu dai ta intanet za mu saya, kuma a nan ƙa'idar ita ce kada a biya sai an ga hoto biyar: gaba gaba ɗaya, baya gaba ɗaya, layin maɗaba'a daga kusa, wani yanki na fuska daga kusa sosai, da fastar tare da tef ɗin awo a gefenta. Ka tambayi mai sayarwa a rubuce ko bugun farko ne ko na maimaici, ka sa ya rubuta amsar a rasit, ka kuma tabbatar akwai damar mayarwa. Kalmar "orijinal" ita kaɗai ba ta ɗaure kowa, domin bugun 1985 na fim ɗin 1960 shi ma orijinal ne a bakin dillali. Wajen farashi, kada ka dubi abin da masu sayarwa ke nema, ka dubi abin da aka riga aka sayar da irinta a gwanjo, sannan ka ƙara kuɗin aikowa da na kwastan da canjin dala kafin ka ce ka yi arha.

Ga fastoci masu tsufa sosai akwai batun doka. Dokar Indiya ta 1972 kan kayan tarihi ta hana ɗaiɗaikun mutane fita ƙasar waje da abin da ya kai shekara 100, da takardu masu darajar tarihi da suka kai shekara 75. Fastocin shekarun 1930 da 1940 sun riga sun kai wannan shekarun, don haka ka sa mai sayarwa ya warware wannan batu tun kafin kuɗinka ya bar hannunka. Wajen aikowa kuma, fastar da take a ninke a aiko ta a ninke tsakanin kwalaye biyu masu tauri. Wadda take a miƙe a naɗe ta a bututu mai faɗi, ba siriri ba.

A gida ma ana dacewa. Da yawa daga tsoffin gidajen silima sun koma shaguna ko ɗakunan taro, amma tsoffin ma'aikatansu, masu haska fim da masu sayar da tikiti, wasunsu na nan da rai, kuma akan samu wanda ya ajiye wani abu a ƙasan akwati. Idan ka je wurin irin wannan dattijo, ka je da ladabi, ka biya shi abin da ya dace, ka kuma rubuta abin da ya gaya maka game da fastar, domin labarin wani ɓangare ne na kayan.

Mataki na biyar: adanawa

Yanayinmu yana cin takarda ta fuska biyu. Da hunturu takan bushe ta yi ƙamas, har ninki ya karye idan aka buɗe da gaggawa. Da damina kuma danshi ya kawo fumfuna. Abin da masu adana takardu ke so shi ne danshin iska ya tsaya wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, kuma ƙaramin ma'aunin danshi ba shi da tsada. Zaɓi ɗaki na ciki wanda ba ya yoyo, nesa da kicin da banɗaki, nesa kuma da inda ake turaren wuta, domin hayaƙinsa yana dafa takarda.

A shimfiɗe ake ajiye fasta. Mafi kyau shi ne kabad mai faffaɗan aljihu irin na masu zanen gine-gine, a sa kowace fasta a cikin rigar roba mai tauri ta adana takardu, irin su Mylar ko Melinex, ko tsakanin takardu marasa asid. Kada a sa ta a ledar kasuwa, kada a naɗe ta da jarida, kada ta taɓa katako ko ƙarfe kai-tsaye. A ɗaga kabad ɗin daga ƙasa, a janye shi daga bango, saboda gara, a riƙa leƙawa duk wata saboda kyankyaso da ɓera. Maganin ƙwari a ɗakin ake fesawa bayan an rufe kabad, ba a kan takarda ba.

Abubuwa uku ne ba a yi ko da wasa: salatif, da gam, da kai fasta shagon kwamfuta a rufe ta da robar zafi kamar katin shaida. Na ƙarshen nan shi ne mafi muni, domin ba ya warwaruwa, kuma daga ranar fastar ta tashi daga kayan tarihi. Ƙwararru suna ɗinke tsaga ne da siririyar takardar Japan da kullun sitacin alkama, wanda ake iya cirewa da ɗan danshi. Fastar da ta yi laushi sosai akan manna ta a kan takarda marar asid da ƙyalle don ta yi ƙwari, amma wannan aikin gwani ne, kuma idan babu gwani a kusa, barin tsagar yadda take ya fi gyaran ganganci.

Idan za a rataye, a sa kwali marar asid a baya, a sa wani a gefe don kada takarda ta manne da gilashi, a yi amfani da gilashi ko roba mai tace hasken rana, a kuma kafa firem ɗin a bangon da rana ba ta bugawa. Ja da ruwan hoda su ne suka fi saurin kodewa, su ne kuma launukan da fastocin Indiya suka fi ji da su. Ni abin da nake yi da masu tsada shi ne in buga kwafi in rataye, in bar ta asali a kabad, in rubuta "kwafi" a bayan wadda na buga don kada wata rana ta yaudari wani.

Sai rajista. Kowace fasta ta samu lamba, a rubuta ta da fensir mai laushi a jikin rigarta, ba a jikin takardar ba. A cikin littafi ko kwamfuta a shigar da sunan fim, da shekarar fitowarsa, da shekarar da kake zaton an yi bugun tare da hujjarka, da girma, da maɗaba'a, da mai zane idan ya sa hannu, da inda ka saya da nawa, da hoton gaba da baya. Fastar nan tawa ta Mother India ita ce lamba ɗaya a nawa littafin, kuma a gaban shekarar bugu na rubuta: bayan Agustan 1972, dubi adireshin maɗaba'a.